Maƙwabtanmu na Buruklin da Asabar ɗinsu

Kawu, ka tambaye ni yadda muke zaman unguwa ɗaya da Yahudawa, da ko gaskiya ne suna da sufaye. Ga abin da idona ya gani a unguwar Crown Heights, cikin Buruklin, a birnin New York na Amurka.

Maƙwabtanmu 'yan Habad ne, reshen Hasidawa, ɗariƙar da ta tsiro a gabashin Turai a ƙarni na 18. Cibiyarsu tana gida mai lamba 770 a titin Eastern Parkway. Shehinsu, da suke kira Rebbe, ya rasu a 1994, amma har gobe ana tururuwa kabarinsa a Queens, wani yanki na New York, da takardun neman addu'a. Wanda ya yi nisa ya aiko ta imel, a buga a kai. Kai da ka taso a zawiyya ba sai an yi maka dogon bayani ba.

Ilimin baɗininsu sunansa Kabala. Wani malaminsu, Ishaku Luriya, da ya zauna a garin Safad na arewacin Falasɗinu a ƙarni na 16, ya koyar cewa a farkon halitta hasken Ubangiji ya fi ƙarfin mazubansa, suka fashe, tartsatsi ya watsu cikin kayan duniya. A wurinsu, duk wanda ya ci abinci da addu'a ko ya yi ciniki da gaskiya, tartsatsin nan yake tsamowa. Shi ya sa ba sa barin kasuwa su shiga halwa. Mai baƙar malfa da gemu har ƙirji, shi ne zai sayar maka da kwamfuta, ya kuma fi ka sanin cikinta.

Sai Juma'a. Saura minti 18 rana ta faɗi mata su kunna kyandir, daga nan waya da mota da kuɗi sun kwanta sai taurari sun fito bayan magaribar Asabar. Ayyuka iri 39 aka hana su, har da hura wuta, kuma malamansu sun sa taɓa lantarki cikin haramcin. To sai dabara: agogon da ke kashe fitila da kansa, lif mai tsayawa a kowane bene ba tare da an danna ba. Babban kantin kyamarori na B&H a Manhatan ko oda ta intanet ba ya karɓa ran nan. Da farko na ɗauka wayo ne suke yi wa shari'arsu, har na tuna malamanmu ma suna da babin hila.

Wani daren Asabar maƙwabcina ya tare ni a ƙofa yana ta cewa ɗakin yaransa ya yi sanyi ƙwarai. Na yi masa jaje na wuce. Ashe so yake in kunna masa na'urar ɗumama ɗaki, amma bai so ya ce mini kai tsaye ba, sai ya yi hannunka mai sanda. Matata ce ta gane, ta kora ni na koma.

Batun abinci kuwa, mu nan idan halal ta yi wuya mukan duba harafin U cikin da'ira a jikin kwali, alamar ba alade a ciki. Sai dai su giya halal ce gare su, don haka sai mun ƙara karanta abin da aka haɗa.

Ka gaida Inna da yara.