Amsa ga ɗan'uwa mai son tada 504 ɗin mahaifinsa

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce marigayi mahaifinku ya bar Peugeot 504, shekara bakwai ke nan ba a tada ta ba, kana tambaya ko a gyara ko a kira 'yan gwangwan. Allah Ya jiƙansa da rahama. Ni dai na ce ka gyara, domin na yi irin wannan aikin a nan Bauchi. Amma kafin ka kashe ko sisi, shimfiɗa buhu ka shiga ƙarƙashinta da tocila da sukuddireba. Ka caccaki ƙasan wurin taka ƙafa, da gindin ƙofofi, da inda shokazoba ke kamawa. Idan ƙarfen yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli, aikin mai walda ya fi na bakanike yawa, ka san da haka tun yanzu.

Tamu a ƙarƙashin dogon yaro ta shekara tara. Da muka buɗe banet, sheƙar ɓera muka tarar a gidan matatar iska, sun kuma ci wayoyi. Man da ya saura a tanki ya koma ja yana wari.

Don Allah kada ka ɗaura batir ka murza makulli don ka ji ko za ta tashi. Nan na yi kuskure, na ja wa kaina canjin ringi. A cire filogi huɗun, a ɗiga baƙin mai kaɗan a kowane rami, a bar shi kwana biyu, sannan a juya injin da hannu da sifana. In ya juya lafiya, ka gode wa Allah. Daga nan a sauke tanki a wanke, a kwance kafireta, a zuba sabon baƙin mai, a wanke lagireto, a canza robobin ruwa. Birki kuwa ban yarda a yi masa kwaskwarima ba, robobinsa duka sababbi za a sa. Taya ma haka, ko da zanenta bai cinye ba. Duba lambobi huɗu da ke gefenta, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Kayan gyara ba za su gagare ka ba. Tun 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa 504 a Kaduna, an cika ƙasar nan da ita, don haka abin da ka rasa a gari za ka samu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Ka nemi tsohon bakanike wanda ya girma da kafireta, ka riƙa sayen kaya da kanka, kuɗin aiki kuma kashi-kashi. Wani na ba kuɗi gaba ɗaya, motar ta yi wata huɗu a garejinsa ƙura na binne ta.

Fenti shi ne na ƙarshe, komai ɗokinka. Sai takardu: sabunta lasisin mota da inshora, wadda mafi ƙarancinta ta koma naira 15,000 a Janairun 2023.

Ni sati biyu na yi ina zagaya cikin gari da ita, daga Wunti zuwa Yalwa, ido na kan allurar zafi. Sannan na ɗauki hanyar Jos da jarkar ruwa a but. Da ta haye tudun Panshanu ba ta tafasa ba, na tsaya gefen titi na kira mahaifiyarmu, ta ce in kawo motar ta gani kafin magariba.