Tambayi Hajiya: Mu tashi 'yan gudun hijirar da ke kangon maƙwabta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni tela ne a wajen Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Jikin gidanmu akwai kangon da mai shi ya fara gini ya tsaya, yana can Legas. Tun bara wasu mata da yara daga ƙauyukan Batsari suka tare a ciki da izinin ƙanensa, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Sun kai mutum talatin. Babu masai a wurin, yara a bayan katanga suke yi, manya a leda. Makon jiya, bayan ruwan nan mai yawa, yaransu biyu suka kwanta da amai da gudawa, sai ga ɗiyata 'yar shekara uku ita ma. Ta samu sauƙi, alhamdu lillahi. Yanzu mutanen layi sun ce mu je wurin mai unguwa a tashe su, kuma uwargida ta goyi baya. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron 'ya'yana. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah Ya ƙara wa yarinya lafiya, Ya tashi kafaɗun sauran. Ka gaishe min da uwargida, kuma kada ka ga laifinta. Wadda ta kwana riƙe da yaro yana amai ba ta da lokacin dogon lissafi.

Sai dai mutanen layinku suna shirin barin jaki su doki taiki. Na yi shekara talatin da biyu ina aikin jinya kafin in ajiye, ban taɓa ganin amai da gudawa ya tambayi mutum garinsu ba. Hanyarsa guda ce: bayan gida ya samu shiga ruwan sha ko abinci. Ko gobe aka kwashe matan nan, kwatar layinku tana nan cushe da leda, rijiyarku tana nan a buɗe, jarkokin mai ga-ruwa suna nan da gansakuka a ciki. Su kuma za su koma wani kangon a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Ƙaura, nan ma babu masai, ruwan sama ya kwaso ya bi gangare.

Ka lura da yadda damina ta koma. A yi kwana goma sha babu ko yayyafi har gero ya fara lanƙwasa, sai rana guda a sake shi kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ba ta iya shanyewa, magudana ba ta iya ɗauka. Haka aka yi a Jibiya cikin watan Yulin 2018, dare ɗaya ruwa ya ci mutane fiye da arba'in. Irin wannan ruwa shi ke cika masai ya tumbatso, ya shiga rijiya. A 2021 kwalara ta kama mutane fiye da dubu ɗari a Najeriya, ta kashe fiye da dubu uku, kuma jiharmu tana cikin waɗanda suka ɗanɗana. Lokacin ina bakin aiki. Cikin waɗanda muka kwantar har da masu gidan sama.

Saboda haka ku je wurin mai unguwa, amma ku canza abin da za ku roƙa. Ku ce ya kira ƙanen mai kango a nemi izinin haƙa masai. Rami ne, da daɓen siminti, da murfi, da zana ko tsohon kwano a kewaye. A nisanta shi daga rijiya kamar mita talatin, kuma kada ya kasance a saman gangarenta. Mutum talatin sun yi wa rami ɗaya yawa, a yi biyu in da hali. Na san layin da aka tara kuɗin wannan aiki a sallar Magariba biyu. Kai tela ne, ka san yadda ake tara kuɗin anko, wannan bai kai shi wahala ba. Yara kuma a saya masu fo, a riƙa juyewa a masai. Mutane suna raina kashin yaro, alhali ba shi da wani sauƙi wajen ɗaukar cuta.

Sai ruwa. Alam yana kwantar da laka ne kawai, ruwa ya yi garau a ido, ba ya kashe ƙwayar cuta. A tafasa, ko a sa sinadarin kulorin yadda aka rubuta a jikin kwalba ko ƙwayar, a jira minti talatin. Sannan ka leƙa randar gidanka yau. Idan moɗa tana yawo a ƙasa, yaro ya ɗauka ya tsunduma hannu har gwiwa, to tafasawar ta tashi a banza. A rataye moɗa mai mariƙi, a rufe randa, a ajiye sabulu kusa da buta.

Abin da nake so ka koya wa uwargida, ita kuma ta shiga kangon ta koya wa matan, shi ne haɗa ruwan gishiri da sukari. Na leda da ake sayarwa a kemis ko a bayar a asibiti ya fi. In babu, a samu lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A ɗanɗana, kada gishirinsa ya wuce na hawaye. A riƙa ba yaro da cokali kaɗan-kaɗan, in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba. Kada a janye nono. A haɗa da ƙwayar zinki kwana goma zuwa sha huɗu. Abin da ya kwana, a zubar a haɗa sabo. Idan kuwa gudawar ta koma tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, ka tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa, ko yaro ya kasa sha, a ɗauke shi zuwa asibiti ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan. Kwalara tana iya gama mutum cikin sa'o'i. Kafson da ake saya a kemis a ɗura wa yaro ba ya maido da ruwan da ya fita.

Akwai wanda ba ka tambaya ba, amma na tabbata yana cikin kangon: tamowa. Iyalin da suka bar gona suka bar awaki, yaransu ke fara biya. Ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, wadda ke aikin tamowa a Katsina tun 2021, ta ce yara 652 suka rasu a cibiyoyinta na jihar nan cikin rabin farko na 2025, akasari don an kawo su a makare. Ma'aikatan lafiya suna da wani ɗan tef mai launi da ake naɗawa a damtsen yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, haɗari ke nan. Haka in ka danna bayan ƙafa yatsa ya bar rami. Ku ɗauko ma'aikacin lafiyar mazaɓarku ya auna su, ya duba wanda bai samu allurar ƙyanda da ta mashaƙo ba.

Kan batun kora kuma, sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin zama a duk inda ya so cikin ƙasar. Najeriya ta kuma amince da Yarjejeniyar Kampala a 2012, wadda ta ɗora wa gwamnati kula da waɗanda rikici ko bala'i ya raba da gidajensu. Mai kango yana da iko da kangonsa, maƙwabta ba su da shi. Ku rubuta sunayen matan da yawan yaransu, mai unguwa ya sa hannu, a kai hukumar agajin gaggawa ta jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Na taɓa kai irin wannan takarda wani ofis, sau uku ana ce min oga ya fita, a zuwa na huɗu aka ce ba a ga takardar ba. Ka riƙe kwafi, ka sa a buga maka hatimin karɓa, kuma kada ku jira su kafin ku haƙa ramin. Yaran kuma a kai su firamaren unguwa. Yarinyar da ke yawon aikatau ko bara daga kangon da ba shi da ƙofa, ba sai na faɗa maka abin da ake jin tsoro ba. In an samu tsohon ƙyaure da kwaɗo, a sa masu.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa daga Daura. Masu bi gida-gida sun kawo wa yarana maganin zazzaɓi alhali lafiyarsu lau. Surukata ta ce kada in ba su. Gaskiya ne yana da illa?

AMSA: 'Yata, ki ba su. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne na damina, ana ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a wata har ruwa ya ɗauke. A nan jihar Katsina aka fara gwada shi a Najeriya, a 2013. Kwana uku ake sha: na farko a gaban mai rabawa, biyu a hannunki, kuma a nan mata da yawa ke sakaci su jefa sauran ƙarƙashin katifa. Yana da ɗaci, wani yaron yakan yi amai. Ba a ba wanda yake cikin zazzaɓi, shi sai an gwada jininsa, haka wanda irin maganin ya taɓa fito masa da ƙuraje. Gidan sauro kuma ba a fasa ba. Inna kuwa kada ki yi musu da ita. Ki bari maigida ya yi mata bayani, ko ranar da mai rabawa ta dawo ki shimfiɗa masu tabarma, ta yi tambayoyinta da bakinta.