Amsa ga ɗan'uwan da aka gayyata wasan matasa a Sakkwato

Salamu alaikum jama'a. Ɗan'uwa da ka ce bautar ƙasa ta kawo ka Sakkwato, wasu samari sun gayyace ka wasansu da dare, sun ce ba irin diramar fim ba ce har 'yan kallo ake sakawa ciki, kai kuma ba ka san gari ba kana tambaya ka je ko kar ka je, wallahi ina karantawa sai da gabana ya faɗi don irin wannan ta taɓa cin ni. Ka je, amma da kuɗin komawarka a aljihu da lambar ɗan kabu-kabun da ka yarda da shi, kar ka rataya dawowarka a wuyan wanda ya gayyace ka ko da ya rantse maka da Alƙur'ani.

Ni ma daga Kano aiki ya kawo ni, ina zaune Arkilla lokacin. Wani abokin aikina ne ya dame ni sai na raka shi, wai ƙannensa 'yan jami'a za su yi wasa a filin wata firamare can bayan Runjin Sambo. Watan Afrilu ne, kun dai san zafin garin nan, da rana ya wuce 40, bayan isha ma bango bai huce ba. Babu dandamali babu kujeru, tabarmi ne da ɗan janareta da ƙwai biyu. Wani yaro ya fito ya shafe jikinsa da farar ƙasa, an ɗaura masa jarkoki marasa ruwa a ƙugu, ya zo gaban wani kan famfo da suka kafa a ƙasa yana murɗawa yana kara kunne, bai ce uffan ba har mutane suka fara tsaki, wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce ko dai yaron nan ba shi da lafiya ne. Sai can muka gane maganar ruwa suke yi, gari ga gulbin Rima ga madatsar Goronyo amma kowa sai ya jira 'yan ga-ruwa. Wannan ɓangaren kam ya burge ni, har yanzu ina jin ƙarar jarkokin nan suna bugun juna.

To ni da yake an zaunar da ni gaba, sai ga yaron nan mai jarkoki ya kamo hannuna ya miƙa min jarka ya sa ni a layi, ya ɗaga murya, "Kai baƙo, ina kah hito? Ɗebo muna ruwa!" Ina buɗe baki aka ji Kananci, fili ya kece da dariya, yara na maimaita abin da na ce. Wannan bai dame ni sosai ba, wasa ne. Abin da ya ƙona min rai, ina tsaye da jarka ina waige sai na hango bawan Allah nan da ya kawo ni yana tura mashin ɗinsa waje a hankali, waya a kunne. Na ce fitsari zai yi. Aka tashi wajen sha ɗaya babu shi babu dalilinsa, na kira wayar na shiga ba a ɗauka, daga baya ma aka kashe ta gaba ɗaya. Mutumin da na biya wa kuɗin mai da yamma fa! Aka kashe janareta, kowa ya shige lungunsa, ni kaɗai riƙe da takalmi ban san gabas ba ban san yamma ba, karnuka na haushi, cajina saura kaɗan. Wani dattijo mai shayi ne ya zaunar da ni a bencinsa ya aika ɗansa ya taso maƙwabcinsu mai kabu-kabu, ko kuɗin shayin bai karɓa ba, Allah ya saka masa. Washegari a ofis gogan naka ya shigo yana dariya wai budurwarsa ce ta kira, wai ai ya san ba zan ɓata ba. Ko haƙuri bai ba ni ba har yau, kuma har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu, na yafe amma ban manta ba.

Kar ka zauna layin gaba in kana da kunya. Ka tambaye su ko mai unguwa ya san da taron, garin nan ba a son hayaniyar dare babu izini, in ka ga suna kame-kame ka haƙura. Kar ka ɗauki matan wurin a waya. Ka je da ruwanka.

Kuma masu cewa a ƙasan tambayarka wai irin wannan wasan abin Turawa ne, haba dai. Tashe da yara ke fara yi goma ga azumi fa, ba shiga suke yi ta ban dariya su ja mai gida cikin wasan ba? 'Yan kama da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da nama fa? Yaran nan ɗorawa kawai suka yi, sai dai wani lokaci suna ja da yawa, rabin awa mutum na murɗa famfo ai ya isa haka.

In ka samu rana ma ka leƙa Hubbaren Shehu da gidan tarihi na Waziri Junaidu, da safe kafin rana ta buɗe, ka fi saurin sanin gari ta nan. Wace unguwa suka ce maka za a yi? Ka faɗa a nan, in kusa da mu ne ƙanena yana da keke Napep zai iya dawo da kai.