VirtualBox na cewa babu VT-x: sai na sake Windows?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Na sayi laftof ta hannu, HP mai Core i5, na saka mata VirtualBox, manhajar da ke kunna wata kwamfutar a cikin kwamfuta, don in koyi Linux. Da na kunna sai ya rubuto "VT-x is not available". Wani mai gyara ya ce sai an sake mini Windows. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, riƙe kuɗinka tukuna, Windows ɗinka lafiya lau take.

VT-x wata baiwa ce da Intel ta fara sakawa a firosesa tun 2005, wadda ke ba kwamfuta damar ɗaukar wata kwamfutar a cikinta. Ta AMD sunanta AMD-V. Daga VirtualBox 6.1 zuwa sama, in babu ita ba abin da zai tashi. Core i5 kuwa tana da ita, sai dai ko a kashe take, ko wani ya riga ka kama ta.

Danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga Performance, ka zaɓi CPU. In ka ga Virtualization: Disabled, aikin BIOS ne, wato saitunan na'urar da ake shiga tun kafin Windows ta tashi. Sake kunna na'urar kana danna F10 tun kafin tambarin HP ya ɓace, ka nemo Virtualization Technology ka kunna, ka adana. Sauran saitunan kada ka taɓa su. Wasu laftof ɗin da suka fito daga ofisoshin Turai akan tarar an kulle BIOS ɗinsu da kalmar sirri. In haka ne, koma wurin wanda ya sayar maka.

In kuma Enabled ka gani, a nan ne mutane ke shan wahala. Windows ce da kanta ta riƙe VT-x ta hanyar Hyper-V, wato nata tsarin mai aiki irin na VirtualBox, ko da ba ka taɓa kunna shi da hannunka ba, domin WSL2 (mai kunna Linux a cikin Windows), Windows Sandbox (wurin gwada manhajoji a keɓe) da Memory Integrity (wata kariya ta Windows) duk a kansa suke hawa. Kashe Memory Integrity a cikin Windows Security, sannan ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

bcdedit /set hypervisorlaunchtype off

Sai ka yi Restart.

Amma ka sani, WSL2 zai daina aiki, kuma ka rage wa na'urar wata kariya. Ranar da ka buƙace su, maimaita umarnin ka sa auto a madadin off, ka sake kunna Memory Integrity, sannan ka yi Restart. Sababbin VirtualBox kan lallaɓa su tashi tare da Hyper-V, sai ka ga ɗan koren kunkuru a ƙasan allo, aiki na jan ƙafa. Ni dai ba na ba mai koyo shawarar ya zauna a haka.