Na ci caca a jirgin ruwa a tsakiyar teku, shin akwai haraji a kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Chicago ne, ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, kuma bana nake shirin neman zama ɗan ƙasa. A watan Nuwamban 2025 ni da maiɗakina muka shiga jirgin ruwan yawon shaƙatawa daga Miami zuwa tsibiran Bahamas. Zuciya ta rinjaye ni na shiga gidan cacar da ke cikin jirgin, na ci dala 12,600 a injin caca a dare ɗaya. Sauran dararen kuma na yi asarar kusan dala 2,300. Sun biya ni tsaba, suka haɗa mini da wata takarda mai suna W-2G, kuma na bayyana kuɗin ga kwastan da muka sauka. Wani abokina ya ce babu haraji a kaina tunda tsakiyar teku ba ƙasar kowa ba ce, jirgin ma tutar Bahamas yake ɗauke da ita. Ya ce in riƙa zuba kuɗin a banki kaɗan-kaɗan don kada a lura. Ni dai na yi nadama, so nake in aika su gida gaba ɗaya a taimaki marayun unguwarmu in rabu da su. Maiɗakina ba ta san yawansu ba. Mece ce mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya karɓi tuba. Hukuncin caca a addini ka san shi, shi ya sa ma ka rubuto, don haka wannan ɓangaren na bar wa malamai. Nawa shi ne abin da doka take bin ka, kuma amsar ita ce akwai haraji a kanka. Kada ka aika ko sisi gida sai ka ware kason hukuma tukuna.

Maganar abokinka tana da inda ta samo asali. Gidajen cacar jiragen nan ba sa buɗewa sai jirgi ya bar tasha ya yi nisa da gaɓa, saboda dokokin caca na jiha ko ƙasar da ya tsaya. Gaskiya ne kuma yawancin manyan jiragen da ke tashi daga Miami an yi musu rajista a Bahamas ko Panama ko Malta. Sai dai duk wannan ya shafi halaccin buɗe gidan cacar ne da dokar da jirgin yake ƙarƙashinta. Harajin Amurka kuwa mutum yake bi, bai damu da inda ƙafarsa take ba lokacin da kuɗin suka shigo. Ɗan ƙasa da mai girin kad matsayinsu ɗaya a wannan babi: duk abin da suka samu a faɗin duniya, a tudu ko a ruwa, kuɗin shiga ne da za su bayyana wa hukumar haraji ta IRS. Sashe na 61 na kundin harajin tarayya ya ce kuɗin shiga shi ne duk abin da mutum ya samu ko daga ina ya fito, kuma cin caca yana ciki. Da a Ingila kake zaune da magana ta sauya, domin can ba a karɓar haraji a hannun wanda ya ci caca. Wataƙila irin wannan labarin abokinka ya ji ya ɗauka ko'ina haka ne.

Takardar nan ta W-2G, wadda ake rubuta abin da mutum ya ci a caca a kanta, ita ce ta rufe ƙofar ɓoyewa. Ba kai kaɗai aka ba ba, akwai kwafinta da ke tafiya IRS ɗauke da sunanka da lambarka ta Social Security, wadda hukuma take gane ka da ita. A 2025 ana bayar da ita ne idan mutum ya ci dala 1,200 ko fiye a injin caca, kuma daga 2026 an ɗaga adadin zuwa dala 2,000. Kwamfutocin hukumar suna gwada abin da ka rubuta da abin da wasu suka aiko a kanka. Idan suka ga giɓi sai su turo maka wasiƙar da ake kira CP2000, da lissafin harajin da kuɗin ruwa, sau da yawa har da tarar kashi 20 cikin 100 na harajin da ka rage. Ga sauran masu karatu kuma, rashin samun takardar ba ya wanke mutum. Wanda ya ci a teburin karta ko na rulet galibi ba a ba shi komai a rubuce, amma wajibin bayyanawa yana nan daram.

Ka duba akwati na 4 a jikin takardar. Nan ake rubuta abin da aka cire maka tun daga tushe. A injin caca ba a cika cirewa ba, sai idan mutum bai bayar da lambarsa ba, a nan ne ake riƙe kashi 24 cikin 100. Idan sun biya ka duka, akwatin nan zai kasance fanko, ke nan harajin gaba ɗaya yana jiran ka. Za ka rubuta kuɗin a shafin Schedule 1 na fom 1040, wato takardar harajin shekara, a layin da aka ware wa caca, su haɗu da albashinku. Idan kuna matakin masu biyan harajin kashi 12 cikin 100, harajin tarayya a kan dala 12,600 zai kama kusan dala 1,500. Idan na kashi 22 ne, kusan dala 2,770. Jihar Illinois, inda Chicago take, kuma tana karɓar kashi 4.95 cikin 100, wato dala 624 ko kusa da haka. Ni da zan ba ka shawara, ka ware dala 3,500 ka ajiye gefe har a gama lissafi. Ina cewa haka ne domin ƙarin kuɗin shiga yakan taɓa wasu abubuwan da mutum bai yi zato ba, kamar tallafin inshorar lafiya idan ta kasuwar gwamnati kuka saya.

Asarar dala 2,300 ɗin nan, abin takaici, da wuya ta amfane ka. Doka ta yarda a rage asarar caca daga kuɗin da za a lissafa wa haraji, amma da sharaɗi biyu. Ba za ta wuce abin da aka ci ba, sannan sai wanda ya bar ragin bai-ɗaya da ake ba kowa ya koma lissafo abubuwan raginsa ɗaya bayan ɗaya a shafin Schedule A na takardar haraji. Ragin bai-ɗaya na ma'auratan da suka cike takarda tare a 2025 dala 31,500 ne. Babu hikimar barin wannan don dala 2,300, sai dai in kuna da kuɗin ruwan bashin gida da harajin jiha masu yawa da za su haura shi. Illinois ita ko kaɗan ba ta rage asarar caca. Daga shekarar haraji ta 2026 ma dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta ƙara tsanantawa, kashi 90 cikin 100 na asara kaɗai za a iya ragewa.

Akwai ɗan sauƙi guda da ya kamata ka bincika. Kotun haraji, a shari'ar Shollenberger ta 2009, ta amince a auna ci da asara a kan zama guda, ba a kan kowane danna inji ba. Ma'ana, idan a daren da ka ci, a zaman nan ɗaya, ka zuba dala 600 kafin ka tashi, cinka na haƙiƙa dala 12,000 ne. Asarar sauran dararen ba ta shiga nan. Hujja ake buƙata, kuma kana da hanyar samunta: a jirgin ruwa kusan komai da katin ɗakinka ake yi, don haka ka rubuta wa sashen cacar kamfanin ka nemi bayanin ci da asararka, ka haɗa da takardar kuɗin da aka caje ka a tafiyar. Idan adadin da za ka rubuta ya saɓa da na W-2G, sai mai cike maka takarda ya haɗa da bayani, in ba haka ba wasiƙa za ta zo.

Yanzu batun aika kuɗin gida, wanda shi ne ya fi damuna a wasiƙarka, domin a nan mutanen kirki suke faɗawa rami. Haraji ya hau kanka ne tun daren da aka ƙirga maka kuɗin a hannu. Abin da ka yi da su bayan nan, ko kyauta ko sadaka ko zubarwa, ba ya goge wannan. Ragin da ake yi wa masu bayar da taimako ya tsaya ne ga ƙungiyoyin da ke Amurka waɗanda IRS ta amince da su, irin masu rajistar 501(c)(3). Kuɗin da ka aika wa ɗan'uwa ko mai unguwa ko kwamitin masallaci a gida ba su da ragi ko na dala ɗaya, komai kyawun niyyar. Ko da ma masallacin Chicago mai rajista ka ba a yanzu, kyautar ta shekarar da ka bayar ce, ba za ta taɓa harajin 2025 ba. Idan ka aika dala 12,600 duka, lokacin biyan haraji zai same ka da bashin da zai iya haura dala 3,000 da za ka biya daga guminka, daga abincin iyalinka. Ka tambayi malamin da ka amince da shi ko ya halatta a fitar da harajin daga cikin kuɗin kansu, sannan a bayar da ragowar. A wajen doka dai babu abin da ya hana. A 2025 da 2026, kyautar da ba ta wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya a shekara ba, ba ta buƙatar wata takardar harajin kyauta.

Shawarar zuba kuɗi kaɗan-kaɗan kuwa ka yi watsi da ita yau ɗin nan. Idan ka kai tsabar da ta haura dala 10,000, banki zai cike rahoto ya aika wa hukuma, kuma wannan rahoton ba tuhuma ba ce, aikin yau da kullum ne. Amma karkasa kuɗi da gangan don kauce wa rahoton laifi ne mai zaman kansa a dokar tarayya, ko da kuɗin na halal ne, kuma yana iya kaiwa ga ƙwace su. Ka ɗauki kuɗin gaba ɗaya da takardar W-2G da shaidar kwastan ka zuba su lokaci guda. Ka kyauta da ka bayyana su a tasha, domin shigo da fiye da dala 10,000 ba tare da cike fom FinCEN 105 ba shi ma dalilin ƙwacewa ne. Zubawa a banki yana da wani amfanin: tun 1 ga Janairun 2026 ana cire harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka aika waje da tsaba, amma wanda aka tura daga asusun banki bai shiga ciki ba.

Ga neman zama ɗan ƙasa, cacar da ka yi a wurin da doka ta halatta ba ta hana ka. Abin da fom N-400, na neman zama ɗan ƙasa, yake tambaya shi ne cacar da ta saɓa wa doka. Amma fom ɗin yana tambayar ko ana bin ka harajin da lokacinsa ya wuce, kuma jami'in da zai tattauna da kai yana iya neman bayanan harajinka na shekarun baya don auna kyawun halinka. Ɓoye kuɗin da hukuma ta riga ta sani, a shekarar da za ka yi rantsuwa a gabanta, babbar kasada ce. A shari'ar Kawashima ta 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa mai girin kad da aka samu da laifin shigar da takardar haraji ta ƙarya, inda asarar gwamnati ta haura dala 10,000, ana iya korar sa daga ƙasar. Naka bai kai nan ba, kuma ban kawo ta don in tsorata ka ba. Na kawo ta ne don ka ga yadda haraji da takardun zama suke ɗaure da juna.

Maiɗakinka fa? Idan tare kuke cike takarda, sa hannunta yana nufin ta yi rantsuwa cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma IRS tana iya bin kowannenku bashin gaba ɗaya. Bai dace ta sa hannu a kan abin da ba ta sani ba. Adadin ma zai fito ɓaro-ɓaro a takardar. Gara ta ji daga bakinka.

Wa'adin shigar da takardar harajin 2025 da biyansa shi ne 15 ga Afrilun 2026. Fom 4868 yana ƙara lokacin shigar da takarda zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ƙara lokacin biya. Ko kuɗi sun gaza, ka shigar a kan kari ka nemi biya kashi-kashi, domin tarar rashin shigarwa kashi 5 cikin 100 ce a kowane wata, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi 1 ce. Idan ka riga ka shigar ba tare da kuɗin cacar ba, fom 1040-X ne gyaran, kuma ka yi shi kafin su rubuto maka. Wanda zai cike maka, ka tabbata ya sa hannunsa da lambarsa ta PTIN, wadda IRS take ba masu sana'ar cike takardun haraji, a jikin takardar. Duk wanda ya karɓi kuɗinka ya ƙi sa sunansa, ko ya ce zai ƙirƙiro maka asara don harajin ya sauka, ka tashi ka bar masa ofishinsa. Kafin ka aika N-400 kuma, ka kai wa lauyan shige da fice kwafin takardar harajin da shaidar biya ya duba su tare da sauran takardunka.