Gaba da Allah: wace irin gaba ce?

Wata malamar makarantar Lahadi daga Kaltungo ta rubuto: "Malam, a wa'azi muna yawan jin 'gaba da Allah'. Yarana sun ce su ba su taɓa zagin Allah ba, to ina gabar take? Ko ƙiyayya ake nufi?"

Malama, yaranki sun yi tambayar manya. Gabar nan, wadda ake jan wasalinta na farko, daban take da gaban da ke kishiyar baya. Kuma Bahaushe ba ya kiran kowace rigima gaba. Maƙwabta biyu na iya shekara ba zagi ba duka, amma wannan ba ya gaida wancan, ba a aika wa juna akushi, in sun haɗu a lungu kowa ya kau da kai. Sai a ce suna gaba, ba sa ga-maciji. Shiru ne jigonta, shi ya sa take daɗewa. Ƙiyayya a zuci take zaune, mutum na iya ƙinka yana yi maka dariya. Gaba kuwa zumunci ne ya tsinke.

Da wannan ma'anar ki karanta Romawa 8:7 a Littafi Mai Tsarki, cikin wasiƙar da Manzo Bulus ya rubuta da Helenanci wajen shekara ta 57. Abin da yake cewa shi ne, zuciyar da ke bin halin mutuntaka, wato son zuciya na zunubi, tana gaba da Allah, ba ta miƙa wuya ga shari'arsa, ba ma za ta iya ba. Bai ambaci zagi ba. Mutum ya shirya rayuwarsa kamar babu mai iko da shi, wannan kaɗai ya isa. Yaƙub 4:4 ya ƙara da cewa abuta da duniya gaba ce da Allah. Maganin gaba a wurinmu sulhu ne, kuma abin da Romawa 5:10 ke faɗa ke nan: tun mutane na magabta aka sulhunta su da Allah ta mutuwar Ɗansa. A al'ada mai laifi ake sa ran ya nemi sulhu. A koyarwar Kirista wanda aka saɓa wa ne ya fara takowa, wannan kuwa ya cancanci ki tsaya a kansa da yaran.

Kada dai ki ce musu "adawa". Asalinta Larabci ne, ma'anarta ƙiyayya, amma 'yan siyasa sun cinye ta. Yaro ya ji "adawa" yanzu, jam'iyya zai tuna.

Wani dattijo daga Bogoro kuma ya tambaya: "Ɗana, tawaye da kangara ɗaya ne? Wane karin magana zan kawo a kansu?"

Baba, ba ɗaya ba ne. Tawaye sai wanda ke ƙarƙashin mulki, baƙo ba ya yi wa sarkin wani gari tawaye. Don haka in mai wa'azi ya ce Adamu da Hawwa'u sun yi tawaye a Farawa sura 3, ya riga ya faɗi cewa Allah ke da iko da su. Zabura 2 ta nuna sarakunan duniya suna ƙulla irin wannan. Kangara kuwa hali ne da ya taurare bayan an yi ta gargaɗi, kamar Fir'auna a Littafin Fitowa.

Ga kangararre, "wanda bai ji bari ba, ya ji hoho" ya dace, haka ma "in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba". Ga tushen abin, "girman kai rawanin tsiya". Amma ka bar "faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa". Na sha jin ana jefa shi a nan, alhali dabarar tsira yake koyarwa: ka yi dariya a baki, gabar na nan a ciki. Ishaya 29:13 ya tsawata wa masu girmama Allah da leɓe alhali zuciyarsu na nesa, ka ga karin maganar zai rushe maka wa'azin.