Tsohuwar bindigar iska ta Baba ta yi tsatsa, ta ina zan fara?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne. Da muka zo tashi daga tsohon gidanmu, sai na tarar da bindigar iska ta mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, a naɗe cikin bargo a bayan kabad, irin wadda ake ce wa saktun a nan. An buga Diana 27 a jikinta. Ƙarfen ya yi jajayen ɗigo-ɗigo na tsatsa, katakon ya dushe duk ya yi tabo, da na gwada ta kuma da ƙyar harsashin ya fita. Wani abokina ya ce in goge ta duka da samfefa, in fesa mata baƙin fenti, in ɗura mata baƙin mai ta ciki. Ni dai ina so ta dawo yadda na san ta ina yaro. Zan iya wannan aiki a gida?

Mai karatu daga Jidda

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Za ka iya, amma don Allah ka ajiye samfefa da fenti da baƙin man nan gefe guda. Abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, sai dai kowane ɗaya cikin ukun nan yana iya yi wa bindigar ɓarnar da shekarun da ta yi cikin bargo ba su yi mata ba. Yawancin tsofaffin bindigogin iska da suke mutuwa, a hannun mai ɗokin gyara suke mutuwa.

Kafin komai, batun takarda. A Saudiyya bindigar iska tana cikin abin da dokar makamai ta shafa, kuma ana neman lasisi a kanta. Tunda gado ce, ka je wurin 'yan sanda ka tambayi yadda ake yi da irinta kafin ka sa ta a mota ko ka kai wa wani mai gyara. Kada kuma ka sake harba ta, sai ka karanta abin da ke ƙasa.

Abin da ke hannunka kaya ne mai daraja. Kamfanin Mayer da Grammelspacher ne ya ƙera ta, wanda aka kafa a garin Rastatt na Jamus a 1890, kuma samfurin 27 ya daɗe ana yin sa har cikin shekarun 1980. Duba gefen hagu na babban bututun baya, wanda fistan (ƙarfen da ke matse iska) ke ciki, can baya kusa da katako. A kan da yawa daga cikinsu akwai ƙananan lambobi na wata da shekara, misali 05 74, wato watan Mayu na 1974. Waɗannan lambobi da tambarin kamfanin da ke sama ba su da zurfi, samfefa tana iya cinye su cikin minti kaɗan, kuma in sun tafi sun tafi ke nan.

Yanzu ga dalilin rashin ƙarfinta. Irin wannan bindiga ba ta da tankin iska. In ka karya bututun gaba, wato ka lanƙwaso shi ƙasa daga mahaɗarsa don ɗanawa, kana tura fistan baya ne ya danne sifirin har kunama ta kama shi. In ka ja kunama, sifirin ya wurga fistan gaba, ya matse iskar da ke gabansa ta fita ta wani ɗan rami zuwa bayan harsashi. A kan fistan ɗin akwai washa, a tsofaffin Diana yawanci ta fata ce, kamar ta famfon keke na da. In fatar ta bushe sai ta ƙanƙance, iska ta riƙa sulalewa ta gefenta, harsashi ya fita a kasale. Sau da yawa iyakar ciwon ke nan, maganinsa kuma ɗigon mai ne da haƙuri, ba tare da an kwance ko da kusa ɗaya ba.

Amma wane mai? A nan ake yin ɓarna. Lokacin da fistan ya matse iska, zafinta yana hawa sosai cikin ƙiftawar ido, har ya isa ya kunna mai, daidai yadda injin dizal yake aiki. In ka ɗura baƙin mai, ko kananzir, ko WD-40, za ka ji ta yi ƙara mai ƙarfi da hayaƙi, ka ɗauka ta farfaɗo. Wannan ƙarar fashewa ce a cikin bututu, tana ƙona fata, tana karya sifirin. Man girki kuma yana daskarewa ya zama danƙo. Abin da za ka nema shi ne man silikon na musamman da ake sayarwa don cikin bindigar iska, a shagunan kayan farauta. Na feshi da ake samu a shagon kayan mota ba shi ba ne, akwai sinadarai masu kama wuta a cikinsa.

Da farko ka ɗan karya bututun kaɗan ba tare da ka ɗana ta ba, ka leƙa ta baya kana fuskantar haske. Dole ka ga haske ya ratsa. Bindigar da yara suka yi wasa da ita, ba abin mamaki ba ne a tarar da harsashi biyu ko uku a cushe, ko tsinken ashana, ko ƙusa. In akwai, a tura shi da sandar tagulla ko ta katako mai santsi, a hankali, kada a sa ƙarfe. Bututun bindigar iska ƙarfensa yana da taushi, layukan da ke cikinsa ba su jure karta. Daga nan sai ka ɗiga mai kamar ɗigo biyar zuwa goma a ɗan ramin nan da iska ke fita, ka jingine ta a tsaye bakinta sama, ta kwana ɗaya ko biyu fatar ta sha. A bayan bututun kuma, kewaye da inda ake sa harsashi, akwai wata 'yar zobe ta fata ko roba. Ita ma ka ɗiga mata. In ta lotse ta yi daidai da ƙarfe, iska tana gudu ta nan. Gwajinta ba wuya: ɗora ɗan yankin tishu a kan mahaɗar ka harba da harsashi a ciki, in ya yi tsalle to zoben na son canji, kuma canjinta aikin minti biyar ne.

Abu biyu da ba a yi wa irin wannan bindiga ko da wasa. Ba a harba ta babu harsashi, domin fistan zai daki ƙarshen bututu babu matashin iska. Ba a kuma sakin bututun yayin da ake sa harsashi. Hannunka ɗaya ya riƙe shi gam, domin in kunama ta kuɓuce bututun zai dawo da ƙarfi, ya datse yatsa, ya lanƙwashe sama, wani lokaci har ƙota ta tsage.

In bayan man ta dawo da ƙarfinta, kuma ɗanawa tana tafiya sumul, ni shawarata ka bar cikin yadda yake. In kuwa kana jin ƙurji ko ƙaras-ƙaras lokacin ɗanawa, ko ta yi sauƙin ɗanawa fiye da kima, to mai yiwuwa sifirin ya karye, sai an buɗe. A nan sai ka yi wa kanka adalci. Sifirin yana danne a ciki ko da ba a ɗana bindigar ba, kuma wanda ya bugo fil-fil ɗin da ke riƙe da bayan bututu ba tare da ya tare shi ba, ƙarfe zai taso masa a fuska. Ana amfani da dogon mamatsi irin na kafintoci, a matse bayan, a cire fil-fil, sannan a riƙa sassautawa sannu a hankali, da tabarau na kariya a ido. Ƙari a kan haka, kunamar Diana 27 da yawa tana kama fistan da wasu ƙananan ƙwallayen ƙarfe guda uku, waɗanda ke zubowa da zarar an zare su, mayar da su kuma sai da ɗan giris ya riƙe su. In ba ka taɓa yi ba, ka kai wa wanda ya saba. In kuma ka dage, ka ɗauki hoton kowane mataki da waya, ka yi aikin a kan farin zane. Wanke tsohon giris, ka shafa giris mai moli (sinadarin molibdenam) kaɗan a jikin fistan da kowane ƙarshe na sifirin, kada ko kaɗan ya wuce gaban washa. Za a ce maka ka sa sifirin da ya fi ƙarfi. Kada ka yarda. Daɗin 27 yana cikin sanyin halinta, sifirin mai ƙarfi sai dai ya sa ta girgiza, ya cinye kunama, ya rage mata saiti.

Sai tsatsa. Kwance kusoshin da suka haɗa ƙarfe da katako, biyu a gaba ta gefe da gefe, sauran a wajen kariyar kunama, da sukurudireba da ya cika bakin kusar daidai, don kada ya zame ya ɓata ta. Baƙin da kake gani a jikin ƙarfen ba fenti ba ne, wani siririn rufi ne da aka samar daga jikin ƙarfen kansa a masana'anta, shi ya sa yake da zurfin launi da babu fentin da ke kamo shi. Burinka ka cire ja ka bar baƙi. Shafa man bindiga ko man keken ɗinki a jiƙe, ya kwana. Washegari ka samu soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, ka jiƙa shi da mai, ka riƙa shafawa ba tare da dannawa ba, kana gogewa da tsumma kana dubawa. Za ka ga tsumman yana yin ja, baƙin yana fitowa. Inda tsatsa ta yi ɓawo, ka kankare da gefen wani abu na tagulla, domin tagulla ta fi ƙarfe taushi. Soson wanke tukunya ya yi kaushi. Ruwan khal, wato binega, da magungunan cire tsatsa kuwa suna tafiya da ja da baƙi gaba ɗaya. Ƙananan ramukan da tsatsa ta ci za su zauna, ka bar su, mai ya isa ya tsayar da su.

In akwai wurin da ya yi fari fat, kamar inda hannu ke kamawa, ana sayar da ruwan baƙanta ƙarfe a 'yar kwalba. Ana wanke wurin da asiton har babu maiƙo, a shafa siriri, a ɗauraye da ruwa, a busar, a maimaita har launin ya kusanto, sannan a shafe da mai. Akwai sinadarin seleniyam a ciki, guba ne, sai da safar hannu da taga a buɗe. Na faci ne kawai, bai kai na masana'anta ƙarko ba, don haka ban ga hikimar kankare bindiga duka don a shafa mata shi ba.

Katakon shi ne na ƙarshe, kuma a nan ina so ka ɗan tsaya ka yi tunani. Fara da tsumma mai ɗan danshi da sabulu kaɗan. Sau da yawa abin da ake zaton lalacewa dauɗa ce ta shekaru, in ta fita sai a ga tsohon shafen da sauransa. Wurin da ya yi santsi a wuyan ƙota kuwa tafin hannun Baba ne ya yi shi, ni da zan bar shi. In dai shafen ya ɓaɓɓake yana ɓarewa, to sai a cire shi da maganin cire fenti, a kankare da tsohon katin roba. Inda katako ya lotsa, ɗora jiƙaƙƙen tsumma ka danna dutsen guga mai zafi, tururi zai kumbura wurin ya taso. Wannan yana yi wa lotsawa, ba ya yi wa yanka. In akwai tsaga, musamman a wuya, a wanke ta da asiton, a ɗura gam mai ƙarfi, a ɗaure da tsohon tiyub ɗin keke ta kwana. Sai yanzu samfefa za ta shigo, a kan katako kaɗai: lamba 240, sai 320, sai 400, a naɗe a ɗan guntun katako, a bi tsawon jijiyar itacen, a kiyaye gefuna da inda katako ke haɗuwa da ƙarfe.

Ƙotar waɗannan bindigogi yawanci ta itacen da kafintocin nan ke kira zan ce, wato beech da Turanci. Fari ne, rina shi aka yi, kuma yana shan rini wani wuri fiye da wani. Gwada rinin a cikin kwarin da ƙarfe ke kwanciya tukuna, ka shafa shi siriri sau biyu ko uku maimakon sau ɗaya mai kauri. Bayan ya bushe sai dafaffen man kattan, wanda ake kira boiled linseed oil da Turanci: ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza har katako ya yi ɗumi, bayan kamar minti ashirin a goge duk abin da bai shiga ba. A danshin Jidda shafe ɗaya yana iya wuce kwana guda bai bushe ba, kuma in ka ɗora wani a kan ɗanye, ƙotar za ta daɗe tana danƙo. Bar ta a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, inda iska ta fi bushewa. Shafe biyar ko shida sun isa, kada ka manta da cikin kwarin, ta nan danshi ke shiga. Tsumman da ya sha wannan mai kuma kada a dunƙule shi a jefa kwandon shara, yana iya kama wuta da kansa. A shimfiɗa shi a waje ya bushe, ko a jefa shi cikin ruwa.

In ka haɗa ta, ɗaure kusoshi daidai ba tare da ka tsaga katako ba. Harsashin dalma mai kyau kawai za ka sa mata, na girman da aka buga a jikinta, 4.5 ko 5.5, ka wanke hannu bayan ka taɓa shi. Harbin farko-farko zai yi ɗan hayaƙi, saitin ma ba zai zauna ba sai ta ci wasu gomomi. Riƙe ta sako-sako, irinta ba ta son a ƙanƙame ta. Wurin gwaji ya zama inda doka ta yarda, da abin tare harsashi a baya, ba saman bene a tsakiyar unguwa ba. Farauta tana da nata izinin daban da lokutanta, a cikin haramin Makka da na Madina kuwa ka riga ka san ba a taɓa tsuntsu.

Bargon nan shi ya jawo mata tsatsar, domin yana riƙe danshi a jikin ƙarfe, ga iskar Jidda da gishirin teku. Haka in ka fito da ita daga ɗaki mai sanyi zuwa waje, nan take raɓa za ta kwanta mata. Don haka duk lokacin da hannu ya taɓa ta, ka shafe ƙarfen da tsumma mai ɗan mai, ka ajiye ta ba a ɗane ba, cikin kabad mai makulli tare da 'yan ƙunshin nan masu shanye danshi, harsashi kuma a wani wuri daban da yara ba su sani ba.